Farfesan da ya fito da bincikensa kasuwa, aka kuma saya: Alexander Betts da 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan

Akwai wata ba'a da malaman jami'a ke yi wa junansu, wai mutum zai kwashe shekara uku yana bincike, ya rubuta takarda, a buga ta a mujallar masana, amma masu karanta ta ba za su cika hannu ɗaya ba, a ciki har da shi kansa da wanda ya duba masa. Shi ya sa yanzu ko'ina ake matsa musu lamba, ku fito mana, ku yi wa jama'a bayani da yaren da za su gane, ku shiga rediyo, ku yi bidiyo, ku je ku zauna da masu mulki. To madalla. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, in malamin ya fito ɗin kuma aka yi sa'a aka saurare shi, har gwamnatoci suka zuba kuɗi a kan maganarsa, me ke biyo baya? Ni dai a fagen binciken 'yan gudun hijira ban san labarin da ya fi amsa wannan tambayar kamar na Alexander Betts ba.

Betts Bature ne ɗan Birtaniya, farfesa a Jami'ar Oksfod, kuma ya shugabanci cibiyar nazarin 'yan gudun hijira ta jami'ar daga 2014 zuwa 2017. Ita cibiyar da ma can ba ta masu zama a ofis su rufe ƙofa ba ce. Wata mata ce ta kafa ta a 1982, Barbara Harrell-Bond, masaniyar halayyar al'umma, wadda ta je kudancin Sudan ta zauna da 'yan Yuganda da suka gudo, ta dawo ta rubuta littafin nan Imposing Aid a 1986, inda ta caccaki hukumomin agaji da cewa suna ɗaukar ɗan gudun hijira kamar wani jariri da ba ya iya komai sai an ba shi a baki. Ba ta yi farin jini a wajen masu agaji ba ko kaɗan. To a kan wannan turbar Betts ya taso, sai dai shi ya fi ta iya zama da manya, kuma ya fi ta iya magana a gaban kyamara.

Kafin mu yi nisa bari mu warware wani abu da Hausarmu ke haɗe shi wuri ɗaya. Mu duk wanda rikici ya kora daga gida ɗan gudun hijira muke ce masa, ko mutumin Bama ne da ya koma Maiduguri, ko wanda ya tsallaka Kamaru ya zauna a Minawao. A doka kuwa ba ɗaya ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 tana magana ne a kan wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa saboda tsoron a zalunce shi a kan ƙabila ko addini ko ra'ayin siyasa da makamantansu, sai ƙasashen Afirka suka faɗaɗa ta a 1969 suka sa har da wanda yaƙi ko rikicewar ƙasa ya kora. Wanda bai bar ƙasarsa ba yana hannun gwamnatinsa, ɗan ƙasa ne, yana da damar ya yi aiki ko'ina. Wanda ya ƙetare kuwa baƙo ne, kuma a ƙasashe da yawa baƙon nan ba shi da izinin ya yi aiki, wani wurin ma ba shi da izinin fita daga sansani sai da takarda. Duk maganar Betts a kan wannan na biyun take. Ɗan ci-rani kuma wani babi ne daban, ba shi muke yi ba yau.

Yadda tsarin yake tun shekaru masu yawa shi ne, rikici ya ɓarke, mutane su tsallaka, a kafa musu tantuna kusa da iyaka, a kawo masara da mai da bargo, da sunan na wucin gadi ne. Sai wucin gadin ya ƙi wucewa. Dadaab da Kakuma a Kenya tun farkon shekarun 1990 aka buɗe su, yau ga mutane nan da aka haifa a ciki sun yi aure sun haihu a ciki. Mutum yana da sana'arsa, yana da ƙarfinsa, amma doka ta ce ya zauna ya jira layin abinci.

Abin da ya fara ɗaga sunan Betts shi ne binciken da suka yi a Yuganda shi da abokan aikinsa uku, Louise Bloom da Josiah Kaplan da Naohiko Omata, aka fitar da rahoton a 2014. Sun zaɓi Yuganda ne saboda ita ta fita daban, dokarta ta 2006 ta ba ɗan gudun hijira izinin aiki da na zirga-zirga, a karkara ma har ɗan fili ake yanka masa ya yi noma. Sun yi wa mutum kusan 1,600 tambayoyi a Kampala da matsugunan Nakivale da Kyangwali, kuma wani abin da ya burge ni, 'yan gudun hijirar ne da kansu aka horar da wasunsu suka yi aikin tattara bayanan, don su ne suka san yaren, su ne suka san wa ke sayar da me. Rahoton ya ɗauko zato guda biyar da mutane ke yi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rushewa: wai a killace suke ba su da hulɗar kasuwanci da waje, wai nauyi ne kawai a kan mai masauki, wai duk iri ɗaya ne, wai ba su san fasahar zamani ba, wai da agaji kaɗai suke rayuwa. Sai ga 'yan kasuwar Yuganda suna shiga Nakivale da motoci suna sayen masara a hannun manoman Kongo, ga Somaliyawa da shagunansu da harkar tura kuɗi da ta kai har ƙasashen waje.

Daga cikin wannan rahoton aka samu lambar da ta zagaya duniya: a Kampala kashi 21 cikin 100 na 'yan gudun hijirar suna da sana'ar da suka ɗauki wasu aiki, kuma kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan nan 'yan Yuganda ne. Wato baƙo ya zo ya ba ɗan gari aiki. Ka riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Sai 2015 ta zo. Wanda ya bi labarai a shekarar zai tuna, sama da mutum miliyan ɗaya suka shiga Turai ta teku, yawanci 'yan Siriya da Afghanistan da Iraƙi, a watan Satumba kuma aka ga hoton yaron nan Alan Kurdi kwance a bakin ruwa a Turkiyya. Shugabannin Turai duk sun rikice, kowa na neman wanda zai ce masa ga mafita. To a watan Afrilun wannan shekarar, tun kafin abin ya kai intaha, Betts ya je Jodan tare da Paul Collier, shi ma farfesan Oksfod ne amma masanin tattalin arziki, wanda ya yi suna a kan binciken talaucin ƙasashe. Aka kai su sansanin Za'atari, wanda aka buɗe a 2012, mai ɗauke da mutum wajen 80,000, har da babban titin kasuwa da 'yan Siriyan suka raɗa wa suna Shams-Elysees, suna wasa da sunan Sham da na shahararren titin nan na Faris. Daga nan aka zagaya da su wani yankin masana'antu mai sunan marigayi Sarki Hussein, tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar daga sansanin ba, an kashe maƙudan kuɗi an ja wuta an yi tituna, amma wurin kusan wayam. Nan fa tunanin ya faɗo musu: ga mutane dubbai zaune an hana su aiki, ga fili na jiran ma'aikata, me zai hana a haɗa su? A ba 'yan Siriya izinin aiki, a jawo kamfanoni su zo su kafa masana'anta, Turai kuma ta buɗe kasuwarta ga kayan da za a yi a wurin, ita Jodan ta samu masana'antun da ta daɗe tana mafarki, 'yan ƙasarta ma su samu aiki tare da baƙin.

A nan ne za ka ga bambancin malamin da ya iya fita kasuwa da wanda bai iya ba. Ba su tsaya jiran mujallar masana da za ta ɗauki shekara biyu kafin ta buga ba. Sun rubuta maƙala a mujallar Foreign Affairs a ƙarshen 2015, wadda ministoci da jakadu ke karantawa, da take mai sauƙin riƙewa, ma'anarsa a taimaki 'yan gudun hijira su taimaki kansu. Maganar ta shiga kunnen fadar Jodan, ta shiga ta gwamnatin David Cameron da Bankin Duniya, kuma ranar 4 ga Fabrairun 2016, a taron da aka yi a Landan kan tallafa wa Siriya da maƙwabtanta, aka sanar da yarjejeniyar Jodan. Duba fa, daga ziyarar Afrilu zuwa sa hannu, wata goma kacal. A duniyar jami'a wannan kamar ƙiftawar ido ne.

Cikin watan Fabrairun dai Betts ya hau dandalin TED a Kanada, inda masana ke gabatar da gajerun laccoci, ya yi laccar nan tasa ta 'yan mintuna da mutane da yawa suka kalla a intanet. Gaskiya ya iya tsara magana. Ya ce ɗan Siriyan da ya gudo zaɓi uku kawai aka bar masa: ya shiga sansani ya zauna ba ranar fita, ko ya shiga birni ya ƙare a talauci tunda ba izinin aiki, ko ya ba masu safarar mutane kuɗi ya hau kwale-kwale. Sannan ya kawo shawarwari huɗu, a sakar musu mara su yi sana'a kamar a Yuganda, a yi yankunan masana'antu kamar na Jodan, a riƙa haɗa ɗan gudun hijira da ƙasar da ta dace da shi ta hanyar jin zaɓin kowane ɓangare, sai kuma bizar jinƙai da mutum zai karɓa a ofishin jakadanci ya hau jirgi lafiya lau, inda ya tuno da fasfon Nansen na shekarun 1920 da aka riƙa ba waɗanda ba su da ƙasa. Ka lura da kyau, cikin huɗun nan biyu na magana ne a kan yadda mutum zai zauna inda yake, biyu kuma a kan yadda zai isa Turai ba tare da ya nutse ba. Ba sai na gaya maka waɗanne 'yan siyasar Turai suka rungume ba.

Yanzu ita yarjejeniyar me ta ƙunsa? Jodan ta yi alƙawarin damar aiki har 200,000 ga 'yan Siriya, da kuma gurbin makaranta ga 'ya'yansu. Su kuma masu ba da tallafi suka yi alƙawarin kyautar dala miliyan 700 a shekara har shekara uku, da rance mai rangwame na dala biliyan 1.9. Sai ɓangaren da ya fi sarƙaƙiya, na kasuwar Turai. Tarayyar Turai tana da ƙa'idar da ke tantance ko kaya na wata ƙasa ne da gaske kafin a bar shi ya shiga ba haraji, misali riga, a da ba ta isa a ce ta Jodan ce don kawai an ɗinka ta a Jodan ba, sai an duba inda aka saƙa yadin. A watan Yulin 2016 aka sassauta wannan ƙa'idar ga masana'antun da ke wasu yankuna 18, da sharaɗin kashi 15 cikin 100 na ma'aikatansu su zama 'yan Siriya, aka kuma tsara daga baya zai hau zuwa 25. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai, kowa ya ci riba.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abu na farko, yawancin 'yan Siriyan Jodan ba a sansani suke ba, sama da kashi 80 cikin 100 suna cikin garuruwa ne, Amman da Irbid da Mafraƙ da Zarƙa, suna haya, kuma da yawansu da ma suna aiki a ɓoye, a wajen gini, a gonaki, a gidajen abinci. Wato hoton nan na mutane zaune suna jiran a buɗe musu ƙofar masana'anta bai cika zama gaskiya ba. Na biyu, masana'antun ɗinki na Jodan, waɗanda su ne ake ganin za su kwashi mutane, an gina su ne a kan ma'aikata 'yan ci-rani daga Bangaladash da Siri Lanka da Indiya, waɗanda ke kwana a ɗakunan kamfani kusa da wajen aiki, ba iyali tare da su, suna iya yin dogon aiki a kan albashi kaɗan, kuma kayan nasu ma Amurka ake kaiwa ba Turai ba. Sai ka ɗauko matar da ke da yara huɗu a gidan haya a Irbid ka ce ta riƙa tashi da asuba tana shiga mota zuwa wani yanki a bayan gari a kan albashin da in ta cire kuɗin haya da na mota ba abin da zai rage, wa zai riƙe mata yaran? Namijin kuma in ya lissafa sai ya ga aikin gini na yini-yini ya fi masa, ga shi yana tsoron in ya yanki famit, wato takardar izinin aiki, sunansa ya shiga takarda a yanke masa tallafin da yake karɓa, ko ya rasa damar a kai shi wata ƙasa. Mutanen Za'atari ma yawancinsu daga Dar'a suke, yankin noma, ba ma'aikatan inji ba ne.

Su ma kamfanonin ba su yi rububin da aka zata ba. Shiga kasuwar Turai ba maganar haraji kaɗai ba ce, akwai ingancin kaya, akwai sanin masu saye, ga kuma iyakar Siriya da ta Iraƙi da rikici ya rufe a lokacin, hanyoyin fitar da kaya sun ƙuntata. 'Yan tsirarun kamfanoni ne suka yi rajista, waɗanda suka fitar da kaya a ƙarƙashin tsarin ma sun fi haka ƙanƙanta. Har ta kai a 2018 Tarayyar Turai ta sake sassautawa, ta cire sharaɗin sai a yankunan nan 18, ta bar kason a 15, ta tsawaita wa'adin zuwa 2030.

Famit ɗin kuwa an ba da su da yawa, amma ta wata hanya daban da wadda farfesoshin suka zana. Gwamnati ta yafe kuɗin yanka a 2016, sannan aka ƙirƙiro famit ɗin da bai ɗaure mutum ga ubangida ɗaya ba, na noma ta hannun ƙungiyoyin manoma, na gini ta hannun ƙungiyar ƙwadago. Nan ne lambobi suka hau, a 2021 kaɗai an ba da wajen 62,000. Sai dai a nan ma akwai abin lura, ana ƙirga famit ne ba mutum ba, wanda ya sabunta nasa sau uku an ƙirga uku, kuma yawanci ba sabon aiki aka samar ba, wanda mutum yake yi a ɓoye ne aka ba shi takarda. Mata kuwa a shekarun farko ko kashi 10 cikin 100 ba su samu ba. Likita da injiniya da malamin makaranta da akanta, waɗannan sana'o'in an rufe su ga baƙi, don haka likitan Siriya in zai yi aiki bisa doka sai dai ya nemi famit ɗin leburanci. Masu bincike irin su Katharina Lenner da Lewis Turner sun bi wannan dalla-dalla, suka nuna yadda hankalin kowa ya koma kan cike lamba, tunda da lambar famit aka ɗaure sakin wasu kuɗaɗen.

Ni fa ban ce wannan duk asara ba ce. Takardar da za ta hana ɗan sanda kama ka a wajen aiki ya tura ka sansanin Azraƙ, ko ma ya mayar da kai Siriya, ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ke zaune cikin wannan fargabar. Kuma Jodan ƙasa ce da ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, ga rashin aikin yi ya yi wa matasanta katutu, a ce ta yarda a bainar jama'a cewa ɗan Siriya na iya aiki, an ci wani tudu. Kafin 2016 in ka ce a ba 'yan gudun hijira izinin aiki a yankin kallon mai mafarki za a yi maka. Bayan nan sai ga Habasha ta yi irin nata alƙawarin, aiki 100,000 a yankunan masana'antu, kashi 30 cikin 100 na 'yan gudun hijira, Kenya ma ta yi sabuwar doka a 2021. Ba Betts kaɗai ya jawo wannan ba, amma muryarsa na ciki.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne da littafinsu ya fito a 2017, Refuge, shi da Collier. A ciki suka ce abin da ake kashewa a kan mai neman mafaka ɗaya a Turai ya ninka wanda ake kashewa a kan ɗan gudun hijira a ƙasashe masu tasowa sau 135, alhali mafi yawan mutanen suna can ƙasashe masu tasowan ne, don haka a mayar da hankali da kuɗi can. Suka kuma soki Angela Merkel kan buɗe ƙofar Jamus a 2015, suka ce tausayi ne da ba a yi lissafi ba. Abokan aikinsu da dama suka yi musu ca. Heaven Crawley, wadda ita ma ta yi bincike a kan masu tsallaka Bahar Rum, tana cikin waɗanda suka soki littafin a fili. Wasu sun ce lissafin 135 ɗin kwatanta abubuwan da ba su kwatantu ba ne, wasu suka ce an mayar da ɗan gudun hijira lebura mai arha, an bar maganar haƙƙinsa. Amma sukar da ta fi nauyi a wajena ita ce ta wa ya amfana da maganar. Ɗan siyasar da ba ya son ganin ɗan Siriya a garinsa ya samu farfesoshin Oksfod biyu da zai riƙa ambata, ya ce ai masana ma sun ce taimaka musu a can ya fi. Betts ya sha faɗin cewa shi bai ce a rufe ƙofar neman mafaka ba, kuma in ka koma laccarsa za ka ga bizar jinƙai na nan cikin shawarwarinsa. To amma magana in ta fita bakinka ta shiga kasuwa, ba kai ke zaɓar wanda zai saya ba, kuma mai saye yana da 'yancin ya ɗauki rabi ya bar maka rabi.

Mu koma kan lambar Kampala ɗin nan. Kashi 21 da kashi 40 gaskiya ne a inda aka auna su, wato a babban birni, a cikin mutanen da suka iya barin matsuguni suka kama haya da kuɗinsu, waɗanda da ma su ne masu ɗan hali da masu 'yan'uwa a waje. Da lambar ta shiga lacca da jaridu sai wannan bayanin ya zube a hanya, ta koma kamar ana maganar duk wani ɗan gudun hijira ne a duniya. Ita Yugandan da ake ta yabo, daga 2016 'yan Sudan ta Kudu suka kwararo, aka buɗe musu matsugunin Bidi Bidi, filayen da ake yankawa suka riƙa ƙanƙancewa har wani bai isa ya ciyar da gida ba, a 2018 aka yi tantancewa da zanen yatsa aka gano an yi aringizon mutum wajen 300,000 a rajista, daga 2020 kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta fara rage rabon abinci saboda kuɗi sun yi kaɗan. Kuma a nan kalmar dogaro da kai take da haɗari, don mai ba da tallafi da ya gaji zai iya fakewa da ita ya ce ai ku ne kuka ce suna iya riƙe kansu.

Abin da zan yaba wa Betts shi ne bai tsaya yana kare tsohuwar maganarsa kamar ba a taɓa samun tangarɗa ba. Tawagarsa ta ci gaba da bin gidaje ana auna su shekara bayan shekara a Kenya da Yuganda da Habasha, sun kwatanta tsohon sansanin Kakuma da sabon matsugunin Kalobeyei da aka tsara don dogaro da kai, kuma abin da suka samu bai yi daɗin faɗa a dandali ba: an ga ci gaba a wajen abinci, amma mafi yawa ba su kai ga tsayawa da ƙafarsu ba, tunda wuri ne busasshe mai nisa da kasuwa, ba jari, ba hanya. A littafinsa na 2021, The Wealth of Refugees, ya fito da siyasar da ke ƙarƙashin abin sosai, cewa ƙasa ba ta ba baƙo izinin aiki don Allah da Annabi kawai, akwai abin da shugabanninta ke samu, na kuɗi ko na suna a idon duniya. Sannan ya juya wajen ƙungiyoyin da 'yan gudun hijira suka kafa da kansu, waɗanda ke aikin agaji a unguwanninsu amma kuɗin masu tallafi ba ya isa gare su, har aka kafa wata cibiya a Nairobi inda 'yan gudun hijira ke karatu suna jagorantar bincike da kansu. Wannan, a ganina, amsa ce ga babban giɓin yarjejeniyar Jodan, wadda aka tsara ta tsakanin Landan da Amman da Burasal da Washinton ba tare da an zaunar da 'yan Siriyan an tambaye su wane aiki za su iya, wane ne ba za su iya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da an tambayi matar Irbid ɗin nan tun farko da ta faɗi maganar yara da kuɗin mota a cikin minti biyu.

Wannan muhawarar ba ta yi mana nisa ba. Mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi tun 2019, ba sansani irin na Za'atari aka yi musu ba, da farko ƙauyukan kan iyaka ne suka karɓe su a gidajensu, daga baya aka mayar da wasu wuraren da ake kira ƙauyukan dama, irin su Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, inda ake so baƙo da ɗan gari su yi tarayya a rijiya da makaranta da asibiti da kasuwa. Tunanin nan ne dai na a daina killace mutane, a bar su su nema. Kuma tambayoyin su ne dai na Jodan da Yuganda, gonar wa za su noma, wa zai saya, in masu tallafi suka janye wa zai ɗauki nauyin rijiyar.

A Jodan kuwa yafiyar kuɗin famit ɗin da aka yi tun 2016 ta dogara ne da kuɗin waje. A tsakiyar 2024 aka janye ta, famit ɗin da ɗan Siriya ke yanka a kan dinari 10 ya koma sama da dinari 400, kamar na kowane baƙo, mutane da yawa suka daina sabuntawa suka koma aikinsu na ɓoye. Watanni kaɗan bayan nan, ranar 8 ga Disamba, gwamnatin Assad ta faɗi, motoci suka fara layi a kan iyakar Jabir ɗauke da katifu da tukwane, sun nufi Dar'a.